Inda Madam Take Zuwa Bayan Azahar

Nima, Accra
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Abdulmajeed,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Ruhaina da yara, ya kuma sassauta muku sanyin Hamburg da kake ta kuka da shi. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Baba Issifu ta yi sauƙi har ya koma sallar jam'i, 'yar taka Nasira, jaririyata, ta fara haƙori tana cizon duk wanda ya ɗauke ta, maigidana Jamiu kuma yana nan yana fama da motar hayarsa tsakanin Nima da unguwar Malam. Yau kwana ashirin da tara da rasuwar mahaifiyarmu Mma, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Har yanzu in na zo rabon abinci sai in ga na jera kwanonta.

Za ka ce me ya hana ni kira a waya. Na gwada sau biyu, da na ji muryarka sai kuka ya ci ƙarfina, kai kuma ga ka da saurin cewa to, to, sai an jima. Shi ya sa na rubuta na ba Muftahu ya kawo maka, tunda jibi jirginsu zai tashi zuwa wajenku. Don Allah ka zauna ka karanta har ƙarshe. Maganar wanda za a kai wa goron gayyatar sadakar arba'in ce, amma dole in faro ta daga kyanwa, don ni ma ta nan ta zo mini.

Ka tuna ranar sadakar uku ka ce in kula da Madam, kyanwar Mma, amana ce. Yaya, na karɓi amanar ban san nauyinta ba! Abincin gwangwanin da ka aiko mata, shinshinawa ɗaya ta yi ta juya baya ta hau tona ƙasa kamar mai binne ƙazanta. Na saya mata kwano sabo fil, ta ƙi shi. Sai a kan ganyen da muke zuba wa masu sayen waakye shinkafa da wakensu, kuma sai na kau da kai, in na kalle ta ta fasa ci. Kifi ma ba ta cin kai, ba ta cin wutsiya. Jamiu bai taɓa ce mata ko kanzil ba, amma da ta gan shi sai ta kumbura tana huci, sannan in ya cire takalmi ta je ta cusa kai ciki ta yi barcinta. Da safe za ta zo tana goga mini jiki a ƙafa, in kai hannu in shafa ta, ta yakushe ni. In na shimfiɗa darduma kuwa, kafin in ɗaura niyya ta miƙe daidai wurin sujada. Na rasa gane ko so na take yi ko ƙi na.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kullum da an idar da azahar sai ta ɓace, ba za ta dawo ba sai bayan la'asar, bakinta na ƙamshin yajin shito, kuma ba irin namu ba. Maƙwabciyarmu Barikisu ta ce kyanwar da ta yi shekaru da mamaci ba a rasa iska a jikinta, in nemo rubutu. To wa zai ba Madam rubutu ya tsira da yatsunsa? Jamiu ya ce in kulle ta kafin wani ya jefa ta a tukunya. Na bi shawararsa na rufe ta a ɗakin Mma yini ɗaya. Ko kuka ba ta yi ba, ta hau taga ta zauna ta ƙi ci ta ƙi sha, shirun nan ya fi kuka tsorata ni. Baba Issifu ya zo ya tarar, ya yi mini faɗa sosai, ya tuna mini matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Nan take na buɗe, ta wuce ko kallona ba ta yi ba.

Ranar Alhamis na ce yau sai na ga ƙarshen abin nan. Na yafa mayafi na bi ta. Ta bi bayan masallaci, ta ratsa lungun teloli, tana tafiya a hankali tana tsayawa kamar mai jiran wani. Mutane na tambayata ko lafiya, ni kuwa ina jin kunyar in ce kyanwa nake bi. Ta hau katakon nan na babban gota, magudanar ruwan nan, ta ƙetara zuwa unguwar Maamobi, na ƙetara. Sai ta shige wani gida mai shuɗiyar ƙofa. Yaya, na san ƙofar nan. Gidan Inna Ƙaltume ne, ƙanwar Mma, wadda shekara goma sha huɗu ke nan da ta kafa teburin waakye daura da na Mma ta janye mata masu saye, har kai ka rantse da Allah a gaban jama'a cewa ƙafarta ba za ta sake taka gidanmu ba. Ranar jana'iza ma a bakin titi ta tsaya ta yi gaisuwa, ni kuma na yi kamar ban gan ta ba.

Na daɗe a tsaye kafin na yi sallama. Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake, ta tsufa ƙwarai. Kujeru biyu ne 'yan tsugunno, tana kan ɗaya, Madam na kan ɗaya. Ba ta yi mamakin ganina ba, ta ce ta san wata rana kyanwar nan za ta kawo mata wani. Sannan ta gaya mini abin da har yau na kasa haɗiyewa. Tun da likita ya ce Mma ta riƙa tafiyar ƙafa saboda ciwon suga, shekara uku ke nan, miƙe ƙafar da take cewa za ta yi bayan azahar wurinta take zuwa, Madam na biye da ita. Su zauna su tsinci wake, su yi ta musun wa ya fi iya yaji. Na ce to me ya sa aka ɓoye mana. Ta ce Mma ta ce ɗanta don ita ya yi fushi har ya rantse, ba za ta kunyata shi ba, ba za ta kuma sa shi karya rantsuwa ba. Tunda ƙafar Ƙaltume aka rantse a kai ba tata ba, ita za ta riƙa yin tafiyar.

Ni fa nake miƙa mata silifas kullum in za ta fita, har ina tsokanarta wai ita da Madam za su zaga gari. Ashe muna nan muna riƙe da gaba a madadin wadda ta daɗe da ajiyewa. Ban san ko haushin Mma nake ji ba ko kunyar kaina. Sau nawa ta ce mana zumunci a ƙafa yake, muna ɗauka magana ce kawai irin ta tsofaffi.

Don in sami abin faɗa sai na ce wa Inna ashe ita Madam ta zaɓa. Ta yi dariya ta nuna mini bayan hannunta duk yakushi, ta ce shekara uku kyanwar nan ba ta taɓa yarda ta taɓa ta ba. Zuwa kawai take yi ta hau kujerar Mma, ta ci abin da aka sa mata a ganye, ta zuba wa ƙofa ido, in an kira la'asar ta sauka ta tafi. Ta ce sau ɗaya ta gwada ɗauke kujerar, irin kallon da Madam ta yi mata ya sa ta mayar. A nan ne muka yi kuka, ni da ita.

Washegari na kai mata goron arba'in da hannuna, ban shawarce ka ba, ka yafe mini. Ta riƙe shi jim kaɗan ta mayar mini. Ta ce yayarta ta yi shekara uku tana tafiya da kumburarriyar ƙafa don kare rantsuwar nan, ba ita za ta karya ta ba tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, sai dai in daga bakinka ta ji. Na tambayi Baba Issifu, ya ce wanda ya rantse a kan yanke zumunci, abin da ya fi shi ne ya warware ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Mutum goma fa, Yaya, a gidan da ake sauke tukunyar waakye kowace safiya! Na san ranar da ka rantse ka ga hawayen Mma ne, ban kuma ce ka yi laifi ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Saura kwana goma sha ɗaya, goronta na nan na naɗe a ganye ina yayyafa masa ruwa. Lambar wayarta na bayan takardar nan.

Ka gaishe mini da Anti Ruhaina, da Zulkarnaini, da Fa'iza, ka ce mata na ga hoton saukarta, Allah ya sa albarka. Baba Issifu da Jamiu da Barikisu duk suna gaisuwa. Inna ba ta ce in gaishe ka ba, ta dai tambaye ni ko har yanzu kana tsince albasa daga abinci.

An idar da azahar, ga Madam can ta miƙe a bakin ƙofa ta waiwayo tana kallona, ko me take nufi oho. Bari in ɗauki mayafina. Wannan kam ban nemi izininka ba, ƙafata ba ta cikin rantsuwar.

Taka ƙanwa mai yi maka addu'a kullum,
Mardiya