Abin da Ke Damun Ƙaninka Bayan Dashen Hanta

Unguwar Atrone, Injamena.

Zuwa ga Yaya Ummaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali a Damagaram. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu nan kalau muke. Matar ɗanmu Junaid ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Kausar.

Yaya, maganar ƙaninka, maigidana, ce ta sa na rubuto. Da ka kira shi ran Juma'a na ji kana yi masa faɗa, kana cewa wanda Allah ya ba sabuwar hanta bai kamata a gan shi cikin ƙunci ba. Na san ƙauna ce ta sa. Amma da ya ajiye wayar sai ya juya fuska bango, abincin rana ma bai taɓa ba. Jikinsa ya yi kyau tun dawowarmu daga Indiya, idanun sun washe, kumburin ya tafi. Zuciyar ce ba ta dawo tare da mu ba. Mutumin da a da ake jin dariyarsa tun daga layin 'yan atamfa a Babbar Kasuwa, yanzu ko zaure ba ya son fitowa. Ɗan zazzaɓi kaɗan sai ya ce jikin ya fara ƙin hantar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya daina haɗa ido da Junaid, ɗan da ya yarda aka yanki tasa hantar aka dasa masa. Ya ce mini duk lokacin da ya ga yaron yana dafe ciki zai hau babur zuwa unguwar Ngueli, sai ya ji kamar ya saci rabin ransa.

Likitar da ke duba shi ta ce wannan damuwa tana samun mutane da yawa bayan irin wannan aiki, wasu magungunan ma suna taɓa yanayin zuciya. Ta haɗa shi da likitan da ake zama a tattauna da shi. Ya ƙi, ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Junaid ne ya karya lagonsa. Washegarin suna ya ɗauki kwanon tuwonsa ya shiga ɗakin uban, ya ce tabon ya daina yi masa ciwo tuntuni, abin da ke masa ciwo shi ne ya ba da hanta don ya riƙe ubansa, ga shi uban ya guje shi. Ya ce shi ma yana jin tsoro wani lokaci, in Baba ba zai je wurin likitan don kansa ba, to ya raka shi. Ban taɓa ganin ƙaninka ya yi kuka irin na ranar ba. Sun cinye tuwon tare.

Yanzu suna zuwa wurin likitan su biyu. Ban ce ya warke ba, akwai ranakun da shirun ke dawowa. Roƙona, in ka kira, kada ka tuna masa godiya, yana yin ta a kowace sujada. Ka tambaye shi yadda ya kwana, in ya yi shiru ka jira shi. Kai ne babbansa, ya fi jin nauyin maganarka a kan ta kowa.

A gaishe mini da Yaya Dije, da Sani, da Aminatu da yaranta.

Taka,
Hansai.