Na Ɓoye Tsohon Sunan Kuɗin Kirifto, Yanzu Auren 'Yata Yana Rawa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk wanda zai karanta. Don Allah a sakaya sunana. Ni dattijo ne, furfura ta gama cin gemuna, ina zaune a Agege, kuma ko layin gidana na faɗa rabin unguwa za su gane ni. Kada ku yi gaggawar zagina, na riga ku yi. Shawara nake nema.

Na yi yawon fatauci tun ina saurayi. Na sayi goro a Kumasi, na kai atamfa Abidjan, na zauna a Kinshasa, na yi shekaru a Jidda. Ina jin Yarabanci da Turanci da Faransanci da Larabci. A unguwarmu duk wanda aka turo wa abin da bai gane ba, sai a ce, "A kai wa Alhaji ya duba." Ina jin daɗin wannan kalma fiye da yadda ya kamata mai shekaruna ya ji, kuma ita ta kai ni ta baro ni.

Ina da 'ya, zan kira ta Rabi. 'Yar ƙanena ce da ya rasu, a hannuna ta tashi, ni na ba da aurenta ga wani mahauci, zan kira shi Ɗanlami. Yaron kirki ne, mai neman na kansa, sai dai yana da rawar kai. Shekarun baya da kuɗin intanet ɗin nan da ake kira kirifto ya shigo unguwarmu, akwai wani iri da kowa ya rufu a kai. Ba zan faɗi sunansa ba. Tambarinsa shuɗi ne, mutanenmu ma Shuɗi suke ce masa. Ɗanlami ya zuba jarinsa a ciki, bai tsaya nan ba, ya lallaɓa ya sayar da keken ɗinkin Rabi ba da saninta ba ya ƙara. Shuɗi ya faɗi warwas. Rabi ta yi yaji ta dawo gidana. Da ya zo biko, ya durƙusa a falona yana kuka kamar an yi masa mutuwa, ina cikin yi masa faɗa sai kawai ya ɗaga yatsa ya ce, "Baffa, ka zama shaida. Ranar da na sake saka ko kwabo a Shuɗi, Rabi ta saku, saki uku!" Na daka masa tsawa, na ce, "Kai, wa ya tambaye ka? Aure abin rantsuwa ne?" Amma magana ta riga ta fita, ni na ji, Rabi ta ji. Ta share hawaye ta bi shi, kuma tun daga lokacin suke zaune lafiya.

A bana wani mutum ya sallama mini, zan kira shi Kabiru. Haifaffen Legas ne, jikan tsofaffin sojojin Hausawa da suka zauna a nan, irin waɗanda Hausarsu ba ta kai ƙarshen jimla sai Turanci da Yarabanci sun shigo. Shi ne wakilin masu Shuɗi a wajenmu. Ya zauna ya yi mini bayani, kuma in faɗi gaskiya bayaninsa ba ƙarya ba ne. Kuɗin yana gudana ne a kan wata hanyar kwamfutoci da suke kira blokcen. Tsohuwar hanyar tana da nawa, kuɗin aike yana da tsada, sai suka gina sabuwa mai sauri wadda ta haɗa hanyoyi da yawa wuri guda. Tunda aikin kuɗin ya canza, sun canza masa suna, sun mai da tambarin kore. Ya miƙo mini wayarsa na karanta sanarwar da Turanci, na nemi ta Faransanci na karanta. Duka biyun a layin farko suka rubuta cewa sabon shi ne tsohon, kuma duk mai Shuɗi a asusunsa zai wayi gari ya ga ya koma Kore, ɗaya da ɗaya.

Ya ce, "Baba, muryarka muke so. Ka yi mana shi da Hausa, mutanenmu su ji daga bakin babba."

Na ce to, na fara fassara, na kai wannan layi na farko. Sai ya dafa hannuna yana murmushi. "Baba, e jo, don Allah, wannan ka tsallake shi. Ka san mutanenmu, da sun ji tsohon sunan nan za su gudu, alhali fasahar daban ce gaba ɗaya. Ba ƙarya za ka yi ba fa, ba za ka faɗa ba ne kawai. No wahala."

Jama'a, ni da na ga duniya! Ina yaro aka bar fam aka koma naira, kowace kasuwa sai da aka yi shela cewa ga tsoho ga sabo. Ina Kinshasa lokacin da aka sauya wa kuɗinsu suna, na ga yadda mata 'yan kasuwa suke juya sabuwar takarda suna tambayar me ta zama a tsohon lissafi. A Gana da suka yanke wa kuɗinsu na sidi sifirori, har waƙa aka yi a rediyo don kada a cuci tsofaffi. Gwamnatocin da muke zagi kullum ma ba su ɓoye wa talaka uban sabon kuɗi ba. Abu ɗaya na taɓa gani da ya yi kama da na Kabiru: a tashar Kumasi, in mota ta yi hatsari ta kashe mutane, sai a gyara ta, a sake mata fenti, a goge rubutun da ke goshinta a sa wani, don fasinja kada su gane ta. Lokacin har tofar da yawu na yi. To ga shi da tsufana an miƙo mini gwangwanin fenti, na karɓa da hannu biyu.

Me ya sa na yarda? Na tambayi kaina har na gaji. Ba yunwa nake ji ba. An ɗinka mini babbar riga, an buga hotona an rubuta "Jakada" a ƙasa, shi ke nan fa. Suka kama zauren taro, suka ce wai bikin suna za a yi wa kuɗin. Har rago suka yanka, aka raba goro da dabino, aka dafa shinkafa. Ni aka miƙa wa makirufo na faɗi sabon sunan, kamar yadda nake yi wa jariran unguwa, 'yan okada da 'yan canji da masu shayi suka ce, "Allah ya raya!" ana ta dariya ana tafi. Kuma na ɗaga hannu na yi Fatiha. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan Fatiha sai in yi istigfari. Muryata ta zaga wayoyi daga Agege zuwa Idi-Araba zuwa Mile 2, ina cewa, "Sabon abu ne, a kan sabuwar fasaha." Ko sau ɗaya Ɗanlami bai faɗo mini a rai ba. Ina can ina gyara zaman hula.

Bayan 'yan makonni sai ga Ɗanlami da cinyar saniya a leda, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka. Ya durƙusa ya gaishe ni ya ce, "Baffa, na ji muryarka. Na ce abin da Baffa ya sa wa albarka ba irin wancan la'anannen ba ne. Na shiga Kore, kuma yana motsawa." Na sunkuyar da kai. Bai lura ba, ya ci gaba da zuba. "Kuma ka ga abin mamaki? Ɗan guntun Shuɗin nan da na watsar a waya, na duba ban gan shi ba, sai na tarar sun sa mini Kore kyauta. Mutanen nan suna da kirki, Baffa!"

Ga ƙofa a buɗe, ya buɗe ta da bakinsa. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa. Kun san me na ce? Na ce, "Allah ya sa albarka." Na sa aka karɓi naman, aka yi farfesu, kuma na ci. Wane irin tsoho ne wannan? Mai harshe biyar, amma aka rasa guda ɗaya da zai faɗi gaskiya da shi?

Na nemi Kabiru a ofishinsa na gaya masa halin da ake ciki. Dariya ya yi har da buga tebur. "Haba Baba! Saki saboda token, kuɗin waya? To ka ce musu daban ne mana. Network daban, suna daban, komai daban." Muna cikin haka wayarsa ta yi ƙara, wani Bayarabe ne mai tsohon Shuɗi da yawa, hankalinsa a tashe. A gabana Kabiru ya ce masa da Yarabanci ya kwantar da hankalinsa, abu ɗaya ne, riga kawai aka canza masa. Ya manta ina jin Yarabanci, ko kuwa bai damu ba. Na kalle shi, ƙyamarsa ta cika ni, sai na tuna shi aƙalla abincinsa yake nema. Ni fa? Babbar riga.

Na je wurin wani malami a Mushin, inda ba a san Rabi ba, na ce wani ne ya aiko ni da tambaya. Ya saurara har na gama, ya ce maganar wanda ya karya irin wannan rantsuwa bai sani ba tana da tsanani a mazhabarmu, ba abin wasa ba ce, kuma sai ya ji daga bakin mijin abin da ya yi nufi ranar da ya rantse. "Amma kafin mu je can, Alhaji, abu ɗaya ne ko abu biyu? Ni ban san kirifto ba. Kai ne ka karanta takardunsu, kai za ka gaya mini." Na yi masa sallama na fito. Ko fatawar ma a kan harshena ta rataya.

Kuma ni kaina na kasa tsayawa wuri ɗaya. Wani lokaci in ce ai da gaske an canza injin, an canza aikin, shi kuma Ɗanlami Shuɗi ya ambata a rantsuwarsa, Shuɗi kuwa babu shi yanzu a duniya. Sai wata zuciyar ta ce, tsoho, ka ji kunya: mutanen su ne dai, asusun shi ne dai, guntun da ya watsar ya rikiɗe a wayarsa ba tare da ya taɓa komai ba, kuma ka karanta da idonka cikin harsuna biyu. Ina tsoron son da nake wa Rabi ne yake ba ni hujja ta farko, kamar yadda son a yabe ni ya sa na tsallake layin nan.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, Rabi ta zo gaishe ni a makon nan. Tana da ciki, ya fara fitowa. Ta zauna a bakin tabarma tana wasa da gefen mayafinta, can ta ce, "Baffa, wata maƙwabciyata 'yar Ibadan ta ce wai Koren nan Shuɗi ne aka yi wa wanka. Na ce mata ƙarya take, Baffana ne ya raɗa masa suna. Ban gaya wa Ɗanlami ba. Amma tun ranar ba na iya haɗa ido da shi a ɗaki." Ta ɗago ta dube ni. "Kai kaɗai zan yarda da maganarka. In ka ce daban ne, na kwanta na yi barcina."

Na ce mata zan sake duba takardun, ta dawo ranar Juma'a. Ƙarya nake, babu abin da zan duba, na haddace layin.

In na ce mata daban ne, za ta yarda, ta koma ɗakinta da murna, ni kuma in ɗauki nauyin kowane kwana da za su yi tare alhali ban san ko da aure a tsakaninsu ba. In na ce abu ɗaya ne, wataƙila na raba ta da mijin da take so, da ciki a jikinta, a kan laifin da ba shi ya yi ba, ni na yi. Kuma dole in tsaya gaban Ɗanlami in gaya masa na sani tun ranar da ya kawo naman. Malamai da masana wannan harka da ke shafin nan, don girman Allah ku taimake ni. In fara kiran Ɗanlami mu tafi wurin malam tare kafin ta zo? Ko ita ce ta fi cancanta ta fara ji? Juma'a za ta zauna a gabana ta sake tambaya. Me zan yi?