Ni Na Mayar da Sale Fili

Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da yara. Yaya ƙafar taka? Mu nan Fatakwal sai godiya da gajiya.

Yaya, ɗanka Sale yana asibiti. Ranar Lahadi mahautan unguwar Trans-Amadi suka buga ƙwallo da ma'aikatan mai, sai Sale ya gwara kai da wani, ya faɗi. Muka jawo shi gefen fili, muka zuba masa ruwa. Na ce ya karanta Fatiha, ya karanta ba gargada. Na ce, "Garau yake, ya koma." Ana tashi daga wasan ya fara amai.

Likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza. Wai abin da mutum ya haddace tun yana yaro ba ya saurin zubewa. Da abin da ya ci da safe na tambaye shi, da mun gane. Yau sau uku yana tambayata wa ya kawo shi nan.

Wanda suka yi karon ba shi da laifi, kullum sai ya zo dubiya. Ni ka ba amana, ni na mayar da shi.

A sa shi a addu'a. Ka gaida Inna, amma kada a gaya mata tukuna.

Ƙaninka,
Habu