Masun Sulhu Duk Ƙirar Surukina Ne

Malam, ka taimake ni da shawara kafin Juma'a.

Ni magatakarda ne a biron kumandan na Maraɗi, wato ofishin mai mulkin yankin. Tun ina lakwal, makarantar boko, nake rubuta abin da na gani kowace rana a kaye, littafin rubutuna, kuma wannan ɗabi'a ce ta jawo mini. Bara mutanen Tibiri da na Jiratawa sun yi rikici kan wata fadama ta Gulbi, kowane ɓangare ya tara samari ɗauke da masu. Yanzu an zauna sulhu. Sharaɗin shi ne kowa ya miƙa makamansa in duba, ranar Juma'a in shaida gaban dattawa cewa babu saura a hannun kowa.

Sun kawo. Masun duk sababbi fil, ba tsatsa, ba kaifi. Na gwada ɗaya a jikin kabewa, ya lanƙwashe. Da na koma kayena sai na ga wata Talata na rubuta cewa Sha'ibu, jagoran samarin Tibiri, ya wuni a maƙerar surukina Baba Idirisa. Alhamis kuma Maman Lawali, jagoran samarin Jiratawa. A lokacin na ɗauka lauje suka zo saye. Ashe kowa masun miƙawa ya sa aka ƙera masa, na gaske na ɓoye a rumbu, kuma kowa gani yake shi kaɗai ya yi dabara.

Wataƙila ni na yi kuskure, ko da yake sau huɗu na karanta shafin. In na shaida, na yi ƙarya, damina ta zo a koma fadama da ƙarfen gaske. In na gaya wa kumandan, gardi, dogaran biro, su kama tsohon. Matata Atika kuwa tun da na yi mata tambaya ɗaya kan maƙerar ubanta ta daina sa mini man shanu a tuwo.

Mai Kaye, Maraɗi

Mai Kaye, ba ka yi kuskure ba. Kada ka shaida ƙarya, kada kuma ka kai tsoho biro. Shi sana'arsa ya yi. Samarin ma tsoro ne ya sa su, kowa na gudun ya zama shi kaɗai ne hannu wofi.

Ka kai wa surukinka goro, ka roƙe shi ya kira Sha'ibu da Maman Lawali maƙera da hantsi ɗaya, kada ɗaya ya san da zuwan ɗaya. In suka haɗu a bakin zugazugi, ba sai ka ce komai ba. Daga nan ka nemi dattawa su ɗora Baba Idirisa kan duba makaman, don ba wanda zai miƙo masa ƙirar jiya ya ce gadon kakansa ne. A ajiye tare, mashi bisa mashi, kowa na kallon kowa. In Juma'a ta yi kusa, a ɗaga.

Sai dai kada a ba tsohon ajiyar masun gaske. Mutumin da ya sallami ɓangare biyu a mako ɗaya kowa ya tafi yana godiya, a gaishe shi da kyau, a kulle kayan a wani wuri. Allah ya ba ku damina lafiya.