Ƙugiyar Da Ta Ci Hannun Baba

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, kai da iyali. Mu nan alhamdu lillahi. Inna na fama da ƙafarta kamar kullum, Baba kuma dungun hannunsa ya warke, sai dai ya daɗe bai leƙa ko ƙofar gida ba, don kar a nuna shi a ce ga wanda ganganci ya ci wa hannu.

Kawu, ka ce in bar wa Allah. Na ji, amma saurara. Ƙugiyar ɗaga kaya da ta karye ta saki ƙarfe a kan hannun Baba, a masana'antarmu aka ƙera ta, kuma shugaban ma'aikata ya rantse Baba ne ya yi mata lodi fiye da kima, aka sallame shi da wannan tabo. To, a da in za a gwada ƙugiyoyi, ɗaya ake ɗauka a yanka a duba cikinta. Wa ke zaɓen ta yankawar? Shi gogan. Ashe ita kaɗai yake bari ta gasu a tanderu yadda ya kamata, sauran ya sa a kwashe da wuri don a yaba masa sauri.

Sai masu kamfani suka kawo wata injiniya da na'urar da ba ta yanka komai. Takan haska ƙarfe da ɗigon hasken lesa, ya tayar da wani amo a cikinsa wanda kunne ba ya ji, na'urar ta saurara ta faɗi taurinsa da yadda ƙwayoyin cikinsa suka zauna. Da munafukin ya ji duka za a gwada, ya same ni a sito yana ce mini ɗana, wai in zuba tsofaffin ƙugiyoyin cikin tarkace, yana da yara. Na tambaye shi ko mu a bola Baba ya tsince mu. Na jera ƙugiyoyin tas, har da guntun wadda ta karye, na je na lallaɓo Baba ya zo.

Wallahi Kawu, babu wadda ta ci gwajin. Injiniya ta ce ko rabin lodi aka ɗora wa ta Baba, sai ta karye. Shugaban ma'aikatan ya jiƙe da gumi, ya matso a gaban kowa yana miƙa wa Baba hannu wai a yafe masa. Baba ya naɗe hannun riga ya miƙa masa dungun. Haka mutumin ya tsaya da hannu a sama har masu gadi suka fitar da shi. Ni dai ban yafe ba, kar ma ka roƙe ni.

Ka gaida Gwaggo da Yaya Babba da 'yan biyu. Inna na gaisuwa.

Naka, ɗan ƙanwarka,
Mai Baki