Allon da Mama Ta Musanya da Baho

Litinin, 2 ga Oktoba, 2023
Na gama allon adon bangon da nake haɗawa da tarkace. Murafan kwalba, guntun langalanga mai tsatsa, ƙyallayen atamfa, wayoyin rediyo, sai ƙafar keken ɗinkin marigayi Baba a tsakiya, na shafe ta da shuɗin fenti. Mama ta tsaya a kaina ta ce, "Wai Safara'u, mutum ne ko gida?" Na ce ba ko ɗaya. Ta ce to bola ce ke nan. Haka take ce wa duk aikina, na saba, amma yau ya yi min ciwo.

Laraba, 4 ga Oktoba
Madam Chinyelu, mai ɗakin baje zane a Rayfield, ta ga hoton a waya. "Wannan aiki naka ya yi kyau, kawo shi ranar Asabar." Karon farko da aikina zai hau bangon da ba na ɗakinmu ba! Na rasa wa zan fara gaya wa.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Na jingina allon a ƙofar gida don gam ɗin da na liƙa kayan da shi ya bushe, na tafi sayo igiyar ratayewa. Na dawo babu allo. Sai sabon bahon roba ja a tsakar gida, Mama tana wanki a ciki hankali kwance. 'Yan jari bola ne suka wuce, ta ga tarkace a waje, ta ɗauka na gaji na yar. Wai har ta yi ciniki mai kyau.
Na yi mata magana da muryar da ban taɓa yi ba. Allah ya yafe min.

Juma'a, 6 ga Oktoba
Neman allon na fita wurin masu sayen jari bola, daga Dilimi zuwa Laranto, rumfa rumfa, ƙafata duk baƙin mai. Na same shi wurin wani Malam Isa mai sayen ƙarafa, ko in ce na sami katakon. Sun ɓamɓare komai, ƙarfen ya bi mota tun safe. "Hajiya, wallahi da kin zo jiya. Ni ma na ce wannan bolar an jera ta da kyau." Na yi dariya, na fito na yi kuka a cikin Keke mai ƙafa uku da na hau.

Asabar, 7 ga Oktoba
Na kira Madam. Ta ce akwai wani bajen a Disamba. Ban ci abinci ba.

Lahadi, 8 ga Oktoba
Yau na gaya wa Mama mene ne shuɗin abin nan na tsakiya. Ba ta gane shi ba ashe, saboda fentin. Ta ajiye tsintsiya, ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar. Na so in rama, na rama, kuma ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Juma'a, 13 ga Oktoba
Na ɗauko sabon katako, don kawai hannuna ya samu abin yi. Mama ta jawo kujera ta zauna, wai inuwa ta fi a nan. Can ta miƙo min murfin tsohuwar tasarta ta aure, wanda ya huje. Na ɗora a tsakiya, ta ce a'a, matsar da shi hagu, ya cika tsakiya da yawa. Ni da na yi shekaru ina wannan aiki! Na matsar dai don kada a ce na yi gardama.
Ya fi kyau a hagun. Ban gaya mata ba.