Rumfar da Kika Sayo Umaru

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta 'ya ga uwa, da fatan makwancinki na cikin ni'ima. Ni ce Hadiza, 'yarki ta Boɗinga. Ban ga wanda zan faɗa wa abin da ya faru yau ba sai ke, tunda ke kika kunna wutar.

Kin tuna ranar sunan ɗana Umaru, da jikarki Saratu ta ishe ki da tambayar inda aka samo jariri? Kika ce da ita, "Kasuwar Shagari nis sawo miki shi, ga rumfar wata tsohuwa mai ƙore." Muka yi ta dariya, don mu ma haka kika ruɗe mu a Kajiji muna yara.

Umaru bai daɗe ba zazzaɓi ya tafi da shi, ke ma kika bi bayansa da damina. Na ɗauka maganar kasuwa ta bi ku. Ashe tana nan a cikin yarinyar nan, ta yi saiwa.

Ba ki ga Bello ba, ƙanensu, watansa biyu. Yau ya tashi jikinsa zafi rau. Na kwantar da shi, na shiga wanka don mu tafi asibiti. Da na fito, Inna, katifa wayam! Babu Bello, babu zanin goyo, babu Saratu.

Ni da kika sani da kunya, sai ga ni a titi ba mayafi ba takalmi, ina kururuwa. Har rijiyar maƙwabta na leƙa.

A tasha na same su. Wani mai kabu-kabu ne, Allah ya saka masa, ya tsare ta da ta ce ya kai ta Shagari. 'Yar shekara shida, ta goya jaririn a karkace cikin rana, kansa yana lilo.

Na fizge shi, na ɗaga hannu zan zabga mata mari, don na zaci kishi ne irin na yara. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Umma, jikinai ya yi zahi irin na Umaru. Baba in rediyonai ya lalace, ga wanda yas saishe mishi yaka kai a gyara. Umaru ba ku maishe shi ba."

Hannuna ya sauko da kansa, Inna. Ashe duk tsawon lokacin nan tana ganin sakacinmu ne ya kashe ƙanenta, ta kuma ƙudurta ba za ta bari a maimaita ba. Ni kuwa ina cewa ta manta da shi.

An duba Bello, an ba shi magani, zafin ya sauka, alhamdu lillahi. Amma a hanyar gida ta ja mini zani ta ce, "Inna kaɗai tas san rumfar. Yanzu wa za mu tambaya?"

Ke ce mai amsar yara, Innata, ni kuka kawai na iya.

Allah ya jiƙan ki, ya haɗa ki da Umaru a Aljanna, ya raya mana Bello. Ni kuma ya ba ni bakin da zan gaya wa Saratu gaskiya ba tare da na ƙaryata ki ba.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza